Yadda Za Ka Tsallake Shekarar Koyon Aiki a Banki a Legas

Duk lokacin da wani banki ya buɗe ɗaukar sababbin ma'aikata, sai wayata ta cika da saƙonnin ƙannena na gida, wasu daga Kano, wasu daga Zariya, wasu kuma haifaffun nan Agege da Idi-Araba. Tambayar kusan iri ɗaya ce: Yaya, ta ina ake shiga, kuma idan an shiga me ake tararwa? Na yi koyon aikin nan a wani reshe da ke kusa da kasuwa, na sha wuyarsa, na kuma ci moriyarsa. Ga hanyar daki-daki, kamar yadda na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini.

Da farko, ka san ƙofar da kake shiga

Ƙofa biyu ce. Akwai wadda banki da kansa yake ɗaukar masu digiri ya horar da su su zama cikakkun ma'aikatansa. Akwai kuma ta kwantiragi, inda wani kamfani daban ne yake ɗaukarka ya tura ka banki. Za ku zauna a kanta ɗaya, ku sa kwat iri ɗaya, amma albashi da ƙarin girma ba ɗaya ba ne. Da yawa daga cikin kashiyoyin da kake gani a rassa 'yan kwantiragi ne. Ba na raina wannan ƙofa, mutane da dama ta nan suka fara kafin su tsallaka. Abin da nake cewa shi ne ka karanta takardar ɗaukar aikin da kyau, ka ga sunan wa ke samanta, kafin ka sa hannu.

Ƙofar farko galibi tana neman digiri mai daraja ta biyu ko HND, da takardar kammala bautar ƙasa, da sakamakon sakandare mai kiredit a Turanci da lissafi. Akwai kuma iyakar shekaru, yawanci 26 ko 27. Saboda haka kada ka ce sai ka huta shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da BVN da takardun makaranta. Mu 'yan Arewa wannan yana yawan kama mu: a wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a wata kuma an sa sunan gari a madadin sunan mahaifi. Ka gyara tun kana gida. Kuma ka cike fom a shafin bankin kawai. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Akwai maganar da ya kamata ka gama da ita da zuciyarka kafin ka cike ko da layi ɗaya, ita ce maganar kuɗin ruwa. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi, ka kuma yi shawara da iyayenka. Na ga wanda ya shiga aiki zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi wata bakwai yana rama, daga baya ya ajiye. Yanzu akwai zaɓi. Jaiz ya fara aiki a 2012 a matsayin bankin farko marar kuɗin ruwa a ƙasar nan, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus ya buɗe a 2021 kuma hedikwatarsa a nan Legas take, ga kuma The Alternative Bank da ya fito daga Sterling. Su ma suna ɗaukar masu koyo.

Jarrabawa da intabiyu ba zan daɗe a kansu ba. Jarrabawar ta kwamfuta ce: lissafi, Turanci da gwajin kaifin tunani, kuma lokaci ne yake kayar da mutane, ba wuyar tambaya ba. Ka riƙa gwaji da agogo a gabanka. A intabiyu, ka san tarihin bankin da kake nema, ka san wane ne gwamnan Babban Banki, ka ɗaga murya a ji ka. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita, ta sunkuyar da kai gaban manya, a nan za a ɗauke ta rashin tabbas. Ka dubi mai tambayarka. Kuma ka faɗa musu kana jin Hausa, domin wannan jari ne, za ka ga dalili a gaba.

Na biyu, masauki kafin komai

Manyan ofisoshin bankuna suna tsibiri ne, wato Lagos Island da Victoria Island. First Bank, wanda asalinsa ya koma 1894, da UBA da Wema suna kan titin Marina. Zenith da GTBank da Access suna ɓangaren Victoria Island. Kai kuwa mai koyo ba za ka iya hayar ɗaki a can ba. Yawancinmu a Agege, Mile 12, Ketu, Idi-Araba, Ijora ko Obalende muke sauka, wurin ɗan'uwa ko ɗan garinmu.

Shawarata ita ce kada ka kama haya sai an faɗa maka reshen da aka tura ka. Hayar Legas ta shekara ce a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga na yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. Idan ka biya a Agege aka tura ka Lekki, ka shiga uku da gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, safe da yamma. Ka lallaɓa a wurin 'yan'uwa na wata biyu ko uku, ka riƙa sa hannu a cefane, kada ka zama nauyi.

Ka sayi katin Cowry, shi ake shiga manyan motocin bas na BRT da jirgin ƙasa da shi. Jirgin layin shuɗi yana zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2 tun 2023, na layin ja kuma ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi. Kada ka dogara da acaɓa, an hana shi a Ikeja da Surulere da Apapa da tsibiri tun 2022. Kafin ranar farko, ka bi hanyar sau ɗaya a ranar aiki, da asuba, ka auna ta da agogo. Idan daga nesa kake, za ka tarar sallar Asuba a hanya za ta same ka ko kusa da ofis. Ka fita da alwalarka.

Na uku, makarantar horo

Kafin a ba ka kujera, za a kai ka makarantar bankin, daga 'yan makonni zuwa 'yan watanni, gwargwadon tsarin kowane banki. Ana koyar da lissafin kuɗi, dokokin banki, bayar da bashi, hulɗa da abokan ciniki da manhajar da bankin ke aiki da ita, irin su Finacle ko Flexcube. Jarrabawa a kai a kai ce, makin tsallakewa yana da yawa, kuma wanda ya faɗi ana iya sallamarsa. Wato har yanzu ba ka shiga ba, kana bakin ƙofa ne.

Idan ba lissafin kuɗi ka karanta a jami'a ba, ka nemi wanda ya karanta ka maƙale masa tun makon farko. Kada ka keɓe da 'yan Arewa biyu ko uku da za ka tarar a ajin. Waɗannan Yarabawa da Inyamuran da kuke zaune tare, gobe su ne za su kasance a sashen bincike, da sashen kwamfuta, da hedikwata, kuma ranar da aiki ya cije maka su za ka kira. Ka koyi gaisuwar Yarabanci, ko "E kaaro" ce kawai da safe. Tsohuwar da ta zo karɓar fansho ba za ta manta da kai ba.

Darasin da na fi so ka buɗe wa kunne shi ne na halatta kuɗin haram. Dokar 2022 ta wajabta wa banki kai rahoton duk hada-hadar da ta haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, zuwa NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi. Haka ma duk wadda ta ba da shakku, ko da ba ta kai haka ba. Kuma laifi ne ka tsegunta wa mai asusun cewa an kai rahotonsa.

Na huɗu, kanta

A nan aikin yake, a nan kuma zan daɗe.

Banki yana buɗe wa jama'a da ƙarfe 8, yana rufewa da ƙarfe 4, amma kai kafin 7:30 kana ciki, kuma ba ka da lokacin tashi sai lissafi ya daidaita. Da safe akwai ɗan taro. Daga nan a buɗe ma'ajiyar kuɗi, wadda mutum ɗaya ba ya buɗe ta, sai biyu, kowa da nasa makulli ko lamba. Shugaban kashiyoyi zai ƙirgo maka kuɗin da za ka fara da su. Ka ƙirga a gabansa kafin ka sa hannu, ko da yana hanzari, ko da layi ya kai bakin ƙofa. Da zarar ka sa hannu, duk abin da ya ɓace a wuyanka yake.

Rafa ɗaya takarda 100 ce. Ta 'yan dubu naira 100,000 ke nan, ta 'yan ɗari biyar 50,000, ta 'yan ɗari biyu 20,000. Ka jera su a aljihun teburinka kowane iri da gurbinsa, kada ka taɓa sauya musu wuri, har hannunka ya haddace ba sai ido ya duba ba.

Idan mutum ya zo zuba kuɗi, ga yadda za ka bi. Ka karɓi takardar da ya cike, ka duba lambar asusu, lamba 10 ce. Ka buga ta, ka karanta masa sunan da ya fito da babbar murya, ya amsa da bakinsa. Ka duba abin da ya rubuta da lamba ya yi daidai da wanda ya rubuta da kalmomi. Sannan ka kwance kowace rafa, ka sa a injin ƙirga a inda yake gani, ka juya ta ka sake sawa. Ka bi ta da yatsa, domin inji yana ƙirga takarda ne, ba kowane inji ke gane an cusa ɗari biyar a tsakiyar 'yan dubu ba. Wadda ta ba ka shakku ka haska ta a fitilar gane jabu. Sai bayan haka za ka shigar a kwamfuta, ka buga hatimi, ka sa hannu, ka ba shi rasit. Kada ka karɓi kuɗin mutum na biyu alhali na farko suna kan tebur.

Abin da ya sa nake nanata kwance rafa shi ne ni ya taɓa ci. A watana na biyu, wani yaron shago da ya saba zuwa kullum ya kawo kuɗi a ɗaure, ranar Litinin, layi har waje. Na ƙirga rafa shida, ta bakwai na dubi bayanta da cikinta na ga 'yan dubu, na jefa a aljihu. Da yamma lissafina ya gaza da naira 20,000. Muka kwance komai, sai ga 'yan ɗari biyar guda 40 a tsakiyar waccan rafa. Ban san ko da gangan aka yi ba, ko shi ma haka aka ba shi a kasuwa. Abin da na sani shi ne na rubuta takardar bayani, aka cire kuɗin daga albashina, kuma na yi mako guda ina jin kunyar haɗa ido da shugabata. Ita ce ta kira ni gefe ta ce kada in ƙara yarda da ɗaurin da ba hannuna ne ya yi shi ba.

Cire kuɗi ya fi haɗari, domin wanda ya fita ya fita. Ka gwada sa hannun da wanda ke cikin kwamfuta, ka dubi hoton ka dubi fuskar. Idan cek ne, ka duba kwanan wata: wanda ya wuce wata shida ya tsufa, wanda kwanansa bai zo ba ba a biyansa. Ka duba ko an yi gyara ba tare da mai asusun ya sa hannu a kai ba. Idan wani aka aiko, ka karɓi katin shaidarsa, kuma a kira mai asusun a lambar da ke cikin kwamfuta, ba wadda ɗan aiken ya karanto maka ba. Kowane kashiya yana da iyakar abin da zai biya shi kaɗai, abin da ya haura sai na sama ya amince a tasa kwamfutar. Kada ka ji haushin wannan jira. Kariya ce gare ka.

Bayan an rufe ƙofa, ka ƙirga abin da ya rage a hannunka, ka gwada da abin da kwamfuta ta ce. Idan ya gaza, ka faɗa. Idan ya yi rara, shi ma ka faɗa, domin rarar kuɗin wani ne, kuma ɓoye ta ya fi giɓi laifi. Kada ka cike giɓi daga aljihunka a ɓoye, kada ma ka shiga kanta da kuɗinka. Daga nan a bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya a gwada su da abin da aka shigar.

Na biyar, kalmar sirri da 'yan'uwa

Duk abin da aka yi da kalmar sirrinka, kai ka yi shi. Ranar da masu bincike suka zo daga hedikwata, ba za su tambayi wanda ya zauna a kujerar ba, sunan da kwamfuta ta nuna za su bi. Kada ka ba abokin aiki, kada ka ba oga, ko da ya ce minti ɗaya ne. Ka ce, "Oga, bari in zo in shigar da kaina." Idan za ka tashi, ko fitsari ne, ka kulle kwamfutar. Wanda aka kora saboda almundahana, sunansa yana zuwa Babban Banki, kuma sauran bankuna suna dubawa kafin su ɗauki mutum.

Jarrabawar da ta fi wannan wuya daga namu take zuwa. Da zarar 'yan kasuwa sun ji akwai Bahaushe a reshe, layinka zai fi na kowa tsawo, kuma abin farin ciki ne. Amma wata rana dattijon da kake jin nauyinsa zai matso ya rage murya.

"Ɗana, duba mini nawa ne a asusun wane. Ina bin sa kuɗin albasa, yana ce mini ba shi da ko sisi."

"Baba, Allah ya huci zuciyarka, wannan ba zan iya ba. Amana ce. Kai ma da wani zai zo ya tambayi naka, haka zan ce masa."

Zai ɓata rai. Ka jure. Wani kuma zai aiko yaronsa da cek, sa hannun bai yi kama ba, ya kira ka a waya ya ce ai ka san shi. Ka ce, "Alhaji, na san ka ƙwarai, amma takardar ce ba ta san ka ba. Ka daure ka leƙo, ba zan bari ka bi layi mai tsawo ba." Wani zai miƙo maka kuɗi a masallaci ya ce ka zuba masa gobe. Kada ka karɓa. Kuɗin da ba a kanta aka ƙirga su ba, idan aka samu saɓani, ba ka da shaida, kuma zumunci ne zai lalace tare da aikin. Haka kyautar da ake turo wa kashiya bayan an biya mutum: ka san dokar bankinka a kanta, abin da ya fi ƙarfin goro ka mayar cikin ladabi ko ka sanar da na sama.

Na shida, taget

Ko a kanta kake, za a ɗora maka adadin asusun da za ka buɗe da kuɗin da za ka jawo. Idan aka tura ka sashen neman abokan ciniki kuwa, shi ne abincinka kullum, kuma taron bitar mako yana da zafi.

A nan Hausarka za ta yi maka rana. Kasuwar Mile 12 ta tumatir da albasa da tattasai, mayankar Oko-Oba a Agege, Alaba Rago, direbobin tirela a Apapa, masu POS a kowace kusurwa: kuɗi masu yawa suna juyawa a hannun mutanenmu, kuma da yawansu sun gaji da shiga banki a yi musu Turancin da ba sa ganewa. Kada ka faɗa kasuwa kai tsaye da fom a hannu. Ka fara da shugabannin kasuwar da sarkin Hausawan unguwar, ka gaishe su, ka faɗi ɗan wane gari ne kai. Ka je da rana bayan an gama sauke kaya, ba da sassafe ba lokacin da ciniki ya kankama. Ka bayyana musu kuɗin da ake cirewa a asusu tun kafin su gani a alat. Ka gaya musu cewa hukumar NDIC tana ba da inshorar ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai asusu a bankin kasuwanci, tun 2024. Kuma ka ja musu kunne cewa banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar katinsa ko lambar da aka turo masa a waya. Wanda ka tsare wa kuɗinsa sau ɗaya, shi zai kawo maka mutum goma.

Kada matsin taget ya sa ka buɗe asusu da takardun da ba ka ga mai su ba, kuma kada ka yi wa kowa alƙawarin bashi, ba kai ke amincewa da shi ba. Ke kuma ƙanwata, ki riƙa ganawa da abokan ciniki a shagonsu ko a ofis, da rana, kuma wani a reshe ya san inda kike. Duk wanda ya haɗa ajiyarsa da wata buƙata, ki bar masa kuɗinsa, ki sanar da shugabarki a rubuce.

Salla, azumi da sutura

Ka yi wannan magana da shugabanka a makon farko, kada ka riƙa sulalewa. Azahar da La'asar minti goma ne kowace, ka nemi wanda zai kula da layinka, ka kulle aljihun tebur da kwamfuta. Ranar Juma'a ku tsara da sauran Musulmin reshe, Yarabawa Musulmi suna da yawa a bankuna. Wanda ke Marina ko Broad Street, Babban Masallacin Legas na titin Nnamdi Azikiwe tafiyar ƙafa ce. Da azumi ka ajiye dabino da ruwa a jaka, domin sau da yawa a gosulo za ka sha ruwa. Kwat biyu masu duhu da riguna biyar sun ishe ka farawa. Bankuna da yawa suna barin kayan gida ranar Juma'a, ranar kaftani da hula ke nan. Mai sa hijabi ta tambayi tsarin suturar bankin tun a wurin intabiyu.

Na ƙarshe, albashi da tabbatarwa

Albashin farko zai zo, kuma gida za su ɗauka kai ne mai bankin. Ka faɗa wa iyayenka gaskiyar abin da kake samu, ka yanke abin da za ka riƙa turawa duk wata, ka ware na mota da na hayar baɗi kafin ka taɓa sauran. Ka guji bashin manhajojin waya, banki yana lura da ma'aikacin da bashi ya yi wa katutu. Ka zaɓi kamfanin fansho ka buɗe asusu: ana cire kashi 8 cikin ɗari daga gare ka, mai aikin ya ƙara kashi 10, bisa dokar 2014. Ka riƙa dubawa ko suna shiga.

Lokacin gwaji yakan ɗauki wata shida zuwa shekara. Kafin a tabbatar da kai za a tuntuɓi makarantarka da mutanen da suka tsaya maka, saboda haka ka sanar da su su sa ido a kan saƙon banki, domin jinkirinsu yana iya riƙe takardarka. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta asusun da ka buɗe da matsalolin da ka warware, ranar auna aiki shi za ka buɗe a gaban manaja. Ka yi rajista da cibiyar ma'aikatan banki ta CIBN, ofishinta yana titin Adeola Hopewell a Victoria Island, ka fara jarrabawarta tun karatu bai fita daga kanka ba. Idan wata shida ya wuce ba ka ji komai ba, ka rubuta wa sashen ma'aikata cikin ladabi ka tambayi abin da ya rage a fayil ɗinka, ka kuma sa manajanka a cikin saƙon.